Takalman Appa

Dharwad, 3 ga Yuli

Ƙanena Prahlada,

Ina sa maka albarka, kai da Sumati da yara. Lafiyata ƙalau, sai dai ruwan sama da ya hana wanki bushewa.

Takardar tallarka ta iso har ofishina, wata abokiyar aiki ce ta ajiye mini a tebur tana murmushi. "Kwana bakwai, ka zama malamin yoga." Madalla. Wata shida kacal da rasuwar Appa, har ka gano abin da ya gagare shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a gaban malaminsa kafin a yarda ya gyara wa wani zaman gwiwa. Ashe ɓata lokaci mahaifinmu ya yi. Na ga kuma ka ƙaro bargo da busar sarewa a kwanciyar gawa, wadda ake rufe darasi da ita. Appa cewa yake yi jiki ne ke kwance, hankali yana tsaye. Kai ka rubuta "barci mai daɗi", da manyan baƙaƙe.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Girijamma. Shekara talatin da biyu tana buɗe zauren da Appa ke koyarwa ƙarfe biyar na safe, kuma ita ta riƙe ɗalibai duk shekara ukun da Appa ya yi yana jinya. An ce ka sallame ta. Don Allah ka rubuto ka ce mini ƙarya ne.

Yayarka,
Vasudha

Mysore, 9 ga Yuli

Akka, yayata,

Ina taɓa ƙafafunki don girmamawa. Duk muna lafiya. Sumati tana gaida ki, ta ce ko mangwaron yajin da ta aiko ya iso?

Ban sallame ta ba, hutu na ba ta. Ke kina can jami'a da jan bironki, ba ki san abin da nake fama da shi ba. Wata baƙuwa ta taso tun daga Norway, a gajiye, ta kwanta ta fara minshari abinta. Sai Girijamma ta je ta ja mata babban yatsan ƙafa! Matar ta tashi tana kuka a gaban kowa. Wani kuma mako biyu ta bar shi a kan tsayuwa kaɗai, wai ƙafarsa ba ta san ƙasa ba tukuna. Haba, Akka! Mutanen nan hutu suka zo nema, ba aikin soja ba.

Kuma zauren nawa ne. Kin san al'ada: wanda takalman katakon malami suke hannunsa, shi ne magaji. Suna nan wurina. Na yi musu akwatin gilashi, kullum da safe ɗalibai suna zuba furanni suna kai goshi ƙasa. Ga hoto nan na haɗo, ki gani da idonki.

Ƙanenki mai biyayya,
Prahlada

Dharwad, 14 ga Yuli

Prahlada,

Ina sa maka albarka, tunda da ita aka ce a fara. Mangwaro ya iso, ka yi wa Sumati godiya. Ita dai ta san abin da take zubawa a kwalba.

Hoton ma ya iso. Na daɗe ina kallonsa, har kofina ya huce. Akwatin ya yi kyau, furannin ma haka. Yanzu ka je ka duba dunduniyar na hagu. Za ka ga ɗigon jan fenti. Mahaifiyarmu ce ta ɗiga shi da hannunta, don kada wani ya yi kuskuren shigo da su cikin gida. Takalman bayan gida ne, Prahlada. Waɗanda ke zaune a bakin makewayi. Wata shida kana sa bayin Allah daga ƙasashe tara suna kai musu goshi.

Ba na cewa ha'inci ka yi. Da ha'inci ne ma da na ɗan ji sauƙi. Da ka taɓa tashi ƙarfe biyar ko sau ɗaya tun da ka cika shekara sha biyar, da ka ga waɗanda yake cirewa a ƙofar zaure: baƙaƙe ne, tafin ƙafarsa ya ci katakon har ya yi kwari. Kai kuwa ƙarfe tara kake farkawa, kuma inda kake fara nufa, can ka san takalman mahaifinka.

Batun yatsa kuma, an ja nawa, an ja naka. Appa ne ya koya mata. Yakan ce wanda ya yi barci a tabarma guduwa ya yi, bai huta ba, damuwarsa tana zaune tana jiransa. Ka tambayi matar abin da ya sa ta kuka, ko haƙuri kawai ka ba ta da ruwan kwakwa?

Na rubuta wa Girijamma ina tambayar inda na gaskiyar suke, ko da yake ina jin na sani. Ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa. Zan tsaya gaban ɗalibanka in gaya musu abin da ke cikin gilashin nan, da Turancin da za su gane. Sai fa in ka riga ni mayar mata da makullin zaure.

Yayarka, har yanzu,
Vasudha

Mysore, 17 ga Yuli

'Yata Vasudha,

Albarkar Malam ta kasance tare da ke. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Takalman suna wurina. Malam ya ba ni su mako biyu kafin ya rasu, naɗe a tsohon mayafinsa. Ban faɗa ba don ba wanda ya tambaya.

Kada ki zo ki kunyata ɗan Malam a gaban baƙi. Jiya ya aiko Sumati da makulli, na ba ta kofi, na mayar masa da makullinsa. Ina koyarwa a saman rufin gidana, mu shida, har da matar Norway. Da ƙafarta ta biyo ni. Zan koma zaure ranar da ya kawo makullin da hannunsa, ƙarfe biyar, ya shimfiɗa tabarma a layin baya. Daga tsayuwa zai fara.

Ke ma akwai wuri kusa da shi. Ko a wasiƙarki ma na ji shi. Numfashinki gajere ne, yana nan inda kika bar shi shekara ashirin da suka wuce.

Taki,
Girija