Zanen Mamata Ya Zama Rumfar Shayi

Zaituna, sanyin idona, ruwan farko a kan baƙar ƙasar Gadarif, furen riɗi mai raɓar safiya, ke da in kika yi dariya ƙirjina ke cika kamar kogin Rahad da damina!

Ina gaishe ki, amma wallahi raina a ɓace yake. Me kika yi mini haka? Jiya na shiga kasuwa sayen lauje, ina ɗaga kai sai ga zanen marigayiya mamata an ɗaure shi a sanduna huɗu, ya zama rumfar Amal mai shayi! Hayaƙin gawayi na dukansa ta ƙasa, rana na cinsa ta sama. Na tsaya ina nuna mata da hannu, ina cewa nawa ne, nawa ne. Ni ba Larabci, ita ba Hausa. Sai ta zuba mini shayi. Na sake nunawa, ta ƙara wani. Kofi uku na sha, Zaituna, hawaye na zuba a ciki, mutane na kallona suna cewa miskin!

Ƙanwarki Hiba ce ta gaya mini wai a nan kayan mamaci sadaka ake yi da su, wai don lada ya isa gare ta kika bayar. To na ji, niyyarki fara ce kamar auduga. Amma ba sai ki tambaye ni ba? Wata biyar kawai na yi a ƙasar nan ina yankan riɗi a gonar Baffa Ɗahiru, ina zan san wannan? Kin tuna yammar da na kawo miki zanen a gindin bishiyar darbejiyar ƙofar gidanku, bakina ya ƙi buɗuwa? Kika yi murmushi, na ce shi ke nan, ta gane. Ashe ba ki gane komai ba!

Bari in faɗa miki ko wace ce mamata, tunda ran nan na kasa. Sunanta Rahila. 'Yar cocin Metodis ce a garinmu can Taraba, kuma wannan zanen na Zumuntar Mata ne, shi suke ɗaurawa duk iri ɗaya in za su yi waƙa. Ita ke buga musu tulu a matsayin ganga. Babana Tijjani musulmi ne, shekara ashirin da shida suna tare ban taɓa jin sun yi faɗa kan addini ba, sai dai kan gishiri. Da azumi ita ke tashinmu sahur, ta dama kunu, sannan ta koma gefe ta durƙusa ta yi tata addu'ar, tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. In na yi lalacin sallah, ita ke murɗe mini kunne. Da zanen nan ta goya ni, da shi take zuwa gaida marasa lafiya, na coci da na masallaci. Ranar da ta rasu matan zumunta suka ninke shi suka ba ni, suka ce in ajiye wa matar da zan aura.

Matar da zan aura, Zaituna! Kin ji ko? Ba tsumma na ba ki ba. Ni ban iya tsara magana ba, aji uku na yi a makaranta, sai na ce zanen ya yi magana a madadina.

Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan tsaya gaban Amal da sabon tampol, wanda ya fi shi tare rana. Ki zo ki zame mini baki, ki fassara mata da Larabci, don Allah. In ta bayar, zan wanke shi da kaina in sake miƙa miki. Akwai gicciye a jikinsa, ba zan ɓoye miki ba. In ba za ki iya ajiye shi a akwatinki ba, ki dube ni ki faɗa da bakinki, kada ki sake yin murmushi kawai.

Ko kin karɓa ko kin ƙi, zuciyar nan ba ta da wata ƙofa sai taku. Amma ki zo, ya habibti, cikina ba zai ɗauki kofi na huɗu ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Yunusu ɗan Rahila