Awa Ɗayan da Na Ware Mana

Abban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da 'yarka da Inna. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na can madatsar ruwa. Yaya tarin nan da ƙurar siminti ta sa maka? Kada ka ce mini ya tafi in bai tafi ba, na san halinka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma ɗauko Gimbiya daga makaranta da kanta, tana tafe tana yi wa masu mota faɗa.

Na koma rubuta takarda ne don wayar nan ta ishe ni. Ranar Juma'a ka sha wahalar hawa tudunku neman sabis, na ji ka ce akwai abin da kake so ka gaya mini, sai ɗif. Na wuni ina juya abin a raina. Wata goma sha huɗu ke nan ban ji ka fara magana ka kai ƙarshenta ba. Direban motar kayanku ya ce zai riƙa karɓar mini saƙo duk Talata, Allah ya saka masa da alheri.

Aiki yana nan yadda ka bar shi. Makarantar kasuwancinmu tana shirin taron tsofaffin ɗalibai, saura mako shida, kuma kamar kullum komai a wuyana yake: zaure, kujeru ɗari uku, lasifika, ƙasidar talla, takardun gayyata. Jiya ni da Mai Hoto muka wuni muna farautar ɗalibai masu fara'a da za mu sa a fosta. Lokacin jarrabawa ne, kowa fuska a murtuke. Da ya gaji sai ya shirga musu ƙarya wai an ɗage jarrabawar lissafi. Ka ga haƙora! Ya ɗauki hotonsa muka gudu. Har yanzu Agogo suke kira na a ofis, wai don ba a taɓa yin taro a hannuna ya wuce lokacinsa ba. Ban damu ba, ai ba zagi ba ne.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Farfesa, shugaban makarantarmu, yana son tsofaffin ɗalibai huɗu su hau dandamali su gaya wa na baya yadda aiki yake a waje. An samu uku: wani ma'aikacin banki, wata mai kamfanin sabulu, da wani mai sayar da kaya ta intanet. Farfesa ya ce duka 'yan ɗakin sanyi ne, shi yana son mai ƙura a takalmi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce na san wani da ya gama nan shekara tara da suka wuce, yana riƙe da ma'ajiyar kayan aikin madatsar ruwa, shi ke ciyar da aikin mutum dubu da ƙarfe da siminti a inda hanya ɗaya ce tal. Ban ɓoye masa ba, na ce mijina ne. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ashe Agogo ma tana da zuciya. Ya sa hannu.

Ga takardar gayyatar nan a ciki, da hatimin jami'a. Na san kamfaninku ba ya ba da hutu sai an gama zuba kankare, amma manajanku mai son a ambaci kamfani ne a gaban manya. Ka kai masa da kanka, ka jira sai ya ci abinci. Zan so in ce don ɗalibai na yi, amma kai ba a yi maka ƙarya. Ina son ganin ka ne kawai, Abban Gimbiya, har abin ya fara ba ni kunya.

Ka gaishe da mutanen wurinku. Inna ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka da safe.

Taka,
Maman Gimbiya

Abban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, amsarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofar jami'a, direba bai ma tayar da mota ba. Na ji daɗi da tarin ya ragu. Muna lafiya, sai Gimbiya da ta ɗan yi mura, ta kuma warke.

Wuni ɗaya! Na ɗauka manajanku ko kwana uku zai ba ka. Ku taso da asuba, ku iso ƙarfe ɗaya, ku juya ƙarfe huɗu daidai don ku kai kafin a rufe hanyar dutse. Ko gida ba za ka taka ba. Ba zan ɓoye maka ba, na shiga ɗakin da muke ajiye allunan talla na rufe ƙofa na yi kukana. Da na gama na wanke fuska na ɗauko fensir, tunda abin da na iya ke nan.

Ga yadda na tsara. Ƙarfe biyu ku hau dandamali. Kowa minti goma, mutum huɗu minti arba'in, sai minti ashirin na tambayoyi. Daga uku zuwa huɗu na rubuta a jadawali: hutu da sada zumunci. Farfesa ya tambaye ni yaushe hutunmu na minti ashirin ya zama awa guda. Na ce baƙi suna ƙorafin ba sa samun lokacin gaisawa da musayar lambar waya, kuma gaskiya ne suna yi. Ya yi murmushi ya amince. An buga kwafi ɗari uku. Mutum ɗari uku za su riƙe takardar nan a hannu, ba wanda zai san awar nan tamu ce.

Na kwashe kwalayen da ke ofishina na share, na aro kujera mai laushi daga ɗakin malamai. Inna za ta kawo Gimbiya biyu da rabi su jira a can. Ka shirya, 'yar da ka bari tana gwarancin magana yanzu ta cika huɗu, baki kamar rediyo. Jiya ta tambaye ni ko tsawonka ya kai ƙofa, ko za ka iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Ta zana ka a takarda da hular kwano, ta hana kowa gani, wai sai mai ita ya zo.

Yanzu maganar aiki, ka saurara da kyau. Ina zama a layin gaba, kujerar ƙarshe ta hagu, da kwali biyu a cinyata. In na ɗaga rawaya, saura minti biyu. In na ɗaga ja, ka yi godiya ka zauna. Ba sai ka duba agogo ba, ni za ka riƙa kallo. Kada ka ce don kana mijina za a raga maka, na taɓa ɗaga wa mataimakin shugaban jami'a ja yana tsakiyar labarin ƙuruciyarsa. Shekara shida a aikin nan abu ɗaya na koya: in ka bar mutum ɗaya ya zarce, duk na bayansa sai sun rama.

Fostar ta fito. Hotonka na ranar kammala karatu na ba su, yana manne a barandar da nake bi kullum. Mai Hoto ya kama ni ina gyara mata kusurwa karo na uku, ya ce Hajiya, in kika ci gaba sai bangon ya huje. Na goge maka shuɗiyar rigarka, za ka same ta a ofis. Kwana tara ya rage, ina ƙirgawa.

Inna tana gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Maman Gimbiya

Abban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka ban gajiya. Direba ya ce kun kai kafin a rufe hanya da ƙyar, alhamdu lillahi. Ina fata jikinka ya warware daga zaman mota. Mu muna lafiya. Kwana huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

A bakin mota ka ce kada in damu, haka taro yake, laifin masu dogon surutu ne. Na bar ka ka tafi da wannan. Ba haka ba ne, kuma ba zan iya barin ka da shi ba.

Ka ga dai yadda aka fara. Kun iso biyu saura kwata saboda tayar da ta fashe, na hango ka daga nesa ina riƙe da makirufo biyu da jerin sunayen baƙi. Ka rame, ka yi duhu. Na miƙa maka riga ta hannun mai gadi, na ce a raina ba komai, akwai ƙarfe uku. Ma'aikacin banki ya yi minti gomansa cif, na ɗaga masa rawaya, na ɗaga masa ja, ya zauna. Sai kai.

Ka fara da rawar murya, ka gyara tsayuwa, sai muryar ta zauna. Ka ba su labarin ranar da gada ta karye motocin siminti goma sha biyu suka maƙale, yadda ka raba abin da ya rage buhu-buhu har kwana shida aiki bai tsaya ba. Zaure ya yi tsit. Ni kuwa ba labarin nake bi ba. Muryarka nake ji tana tafiya, jimla na bin jimla, ba ta yanke ba, ba wanda ya ce hello, hello. Na ji yadda kake jan numfashi kafin ka faɗi lamba, abin da na manta kana yi.

Minti takwas ya cika. Na gani, agogon yana hannuna. Na kama kwalin rawaya, hannuna ya ƙi tashi. Na ce bari ya ƙarasa wannan maganar. Ka ƙarasa, ka dube ni, ka ga ban motsa ba, sai ka ɗauka da sauran lokaci, ka shiga wata. Sau uku kana duba na. Takardarka ta ƙare ka ci gaba da ka, don ka yarda da ni fiye da agogon bangon da ke gabanka. Mai Hoto ya matso ya taɓa kujerata, na yi kamar ban ji ba. Minti ashirin da uku ka yi, kuma kai ka tsayar da kanka.

Sauran ka gani. Mai sabulu ta tashi, na ɗaga mata ja a kan minti goma, ta dubi kwalin, ta dube ka, ta ci gaba abinta. Da wane ido zan matsa mata? Na ƙarshe ya fi ta. Tambayoyi suka ɓarke, rabinsu naka. Uku da rabi babban baƙo ya ce zai wuce, Farfesa ya rubuto mini a 'yar takarda cewa a soke hutu a shiga ba da takardun yabo. Ni da bakina na sanar. Kana zaune a kan dandamali kana kallo na, ina kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya.

Huɗu saura minti bakwai muka shiga ofis. Gimbiya ta jira tun biyu da rabi a kan kujerar nan, Inna ta ce ko ruwa ta ƙi sha don kada rigarta ta ɓaci. Da ta gan ka sai ta ɓuya a bayan Inna. Ba laifinta ba ne, yaro yana son a ba shi lokaci, ni kuma na san haka, shi ya sa na ware awa guda. Ka durƙusa kana lallashi, ta leƙo, ta koma, ta sake leƙowa. Ta fara sakin zanen Inna ke nan direba ya danna oda. Hotonka da ta zana yana hannunta, ba ta kai ga miƙawa ba. Ta ce kada in sa shi a takardar nan, ita za ta ba ka da kanta.

Washegari Farfesa ya kira ni. Na shiga ina jiran faɗa, sai ya ce jawabinka ne ya fi na kowa, za a sa shi a tallar shekara mai zuwa. Na yi godiya na fito. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Na yi ta tambayar kaina ko da za a maimaita zan ɗaga kwalin. Ina so in ce eh. Wallahi ban sani ba, kuma wannan ne ya fi damu na. Na yi kewarka har na rasa hankalin da aka san ni da shi, na zauna a gaban mutum ɗari uku na sha muryarka ni kaɗai, na bar yarinya da minti bakwai.

Jiya tana cin abinci ta tambaye ni wa ya riƙe Abbanta a zaure ya hana shi zuwa da wuri. Na ce mata aiki ne. Ta ce in ta girma sai ta yi wa mutumin faɗa. Ban iya gaya mata ba tukuna, kai na fara gaya wa. Ka yafe mini, Abban Gimbiya, ka kuma taya ni roƙon ta in ka dawo.

Inna tana sa maka albarka. Allah ya tsare mana kai, ya gajarta mana watannin da suka rage.

Mai kewarka kullum,
Maman Gimbiya