Sau Sittin da Uku Injin Mang Engkos Ya Yi Sallama

Tasikmalaya, 17 ga Ramadan

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Teh Nining,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Kang Dudung da yara. Ya azumi, ya zafin Batam? Mahaifiyarmu Ema tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwar da kika sani. Ta ce in faɗa miki kada ki ƙara aiko mata da man shafawa, na bara ma ba ta buɗe ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wanda kullum kike cewa waya ta manne masa a tafin hannu. Sau uku ina ɗaukar muryata zan turo miki, ina gogewa. Kin san muryata ba ta iya rufa min asiri, shi ya sa na nemi biro.

An sami matsala a wurin aikinmu, kuma a kan Mang Engkos ta faɗa. Shi dai wanda kika sani, aminin marigayi mahaifinmu Bapa, wanda ya ja hannuna shekara huɗu da suka wuce har gaban mai masana'antar, Haji Oman, ya ce, “Pak Haji, ga ɗan Sarip. Ko zare ba ya iya zurawa a allura, amma ya san kan kwamfuta.”

Yanzu ba kamar lokacin da kike nan ba ne, ba a kai wa injin surfani zane a hannu. Elis ce ke zana furen a ofis, ta ajiye shi a babbar kwamfutar ajiya da muke kira saba, kowane inji ya je can ya ɗauko. Ni ne mai kula da sabar. Injuna bakwai gare mu, shida sababbi, na bakwai kuwa na Mang ne, kwamfutar da ke jikinsa ta girmi firjin Ema.

Wata 'yar kasuwa daga Jakarta ta ba da aikin fararen hijaban sallah guda ɗari da arba'in. Zanen farko akwai 'yan tsuntsaye a tsakanin furannin. Da ta gani ta ce a'uzubillahi, ita ba za ta sayar wa mata hoton mai rai su tsaya da shi gaban Ubangiji ba. Elis ta cire tsuntsayen, ta ajiye sabon zane a saba. Amma ranar Asabar da Lahadi Mang ya ɗinke hijaban nan kaf da tsohon zane, tsuntsu hurhuɗu a jikin kowanne.

Da safiyar Litinin Haji ya tara mu, ransa a ɓace. Mang ya ce injinsa ne ya kasa shiga saba tun Asabar. Haji ya ce, “Yat, zo ka duba.” Na danna sau ɗaya, nan take ya buɗe, ga sabon zanen Elis a sama. Haji ya ce, “To ga shi, Mang. Ko aljanu ne suka kulle shi, suka buɗe yau da suka ga ni?” Wasu suka yi dariya. Daga baya ya kira shi ofis ya ce ya ƙarasa watan, bayan Sallah ya zauna gida ya huta, ido ya gaji.

Shekara ashirin da shida yana kan injin nan, Teh. Bai yi gardama ba, ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya koma bakin aiki. Ni kuwa tun ranar abinci ba ya wuce min. Jiya Ema ta yi kunun kolak na ayaba da buɗa-baki, cokali biyu na yi na ture, har ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne. Ki sa ni a addu'a.

Ki gaida Kang Dudung, ki shafa min kan yara.

Ƙaninki,
Yayat

Tasikmalaya, 25 ga Ramadan

Teh Nining,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma tarin da kika ce yana damun ƙaramar taku ya yi sauƙi. Ema na gaishe ku.

Saƙonki ya iso. Na cika miki takarda biyu, ke kuma tambaya ɗaya kika yi: “Yat, me ka taɓa a sabar nan?” Tun muna yara haka kike, ba ki taɓa tambayar wa ya fasa kofi ba, hannuna kawai kike cewa in nuna. To ga hannun.

Sai na fara yi miki bayanin yadda abin yake, in ba haka ba ba za ki ga girman laifina ba. Duk injin da ya zo wurin saba, ba ya fara da neman zane, sallama yake fara yi. Zai ce, ga ni, ga jerin ƙa'idojin maganar da na iya. Ƙa'idar sunanta SMB, kuma hawa-hawa ce, akwai ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Saba ta duba jerinsa ta duba nata, ta zaɓi mafi sabunta a cikin waɗanda suka iya su biyun, sai a ci gaba da magana da ita. Sababbin injunan da ta uku suke gaisawa. Kwamfutar Mang kuwa ta ɗaya kaɗai ta sani a duniya, kuma shekara da shekaru sabar tana sassauto mata, tana amsa mata da ita. In kuwa aka rasa wadda suka haɗu a kai, saba ba ta faɗin dalili. Rufe ƙofa take yi, shi kuma mai inji ya ga an rubuta masa ba a sami hanya ba.

Kafin azumi Haji ya tura ni kwas na kwana uku a Bandung. A can aka ce mana ƙa'ida ta ɗaya ƙofar ɓarayi ce, ta nan ake shigowa a kulle wa mutane fayilolinsu. Gaskiya suka faɗa. Amma sun kuma ce kafin ka rufe ta, ka duba wa ke shigowa ta nan har yanzu. Wannan rabin ne kunnena bai ɗauka ba, domin na dawo da takardar shaida kaina ya kumbura. Ranar Juma'a bayan la'asar na buɗe saitin sabar, wurin da ake rubuta mafi ƙanƙantar ƙa'idar da za ta karɓa, na goge ɗaya na sa biyu. Na gwada da kwamfutata, na gwada da ta Elis, lafiya lau. Ban taka zuwa ƙarshen rumfa inda Mang yake ba, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Asabar na ɗauki hutu, na hau babur zuwa Garut don in sha ruwa a gidan su Wiwin, wadda zan aura, kin san iyayenta sun daɗe suna cewa in zo. Ina hanya Mang ya kira. Ya ce, “Jang, abin nan naka ya ƙi buɗe min.” Na ce, “Kashe ka kunna, Mang.” Ya sake kira ya ce ya yi har sau biyar. Ya ce, “Amma akwai wani zane a cikin injin mai suna iri ɗaya, in buga shi?” Ni hankalina yana kan rigar da zan sa da abin da zan ce wa mahaifin Wiwin. Na ce, “Buga kawai, Mang, duk ɗaya ne.”

Ko a nan na tsaya, da kuskure ne, kowa na yi. Amma ranar Litinin na riga kowa zuwa, na ga hijaban a jere da tsuntsayensu. Na buɗe rajistar da sabar ke rubuta duk wanda ya zo mata. Teh, sau sittin da uku kwamfutar Mang ta zo ta yi sallama da ƙa'ida ta ɗaya, sau sittin da uku ana korar ta. Tun ƙarfe bakwai na safe har azahar dattijon nan yana gwadawa, da azumi a bakinsa. Na leƙa waje babu kowa, sai na goge biyu na mayar da ɗaya. Shi ya sa ya buɗe a gaban Haji.

Akwai kuma abin da na tsallake a waccan takardar. Haji ya tambaye ni, “Ya kira ka?” Na ce, “Ya kira, na ce ya kashe ya kunna.” Na haɗiye sauran. Mang ya ɗago ya dube ni, yana jira in ƙarasa. Da ya ga na sunkuyar da kai, sai ya cire tabaransa yana gogewa.

Na buga shafin rajistar a takarda, yau kwana goma tana aljihuna. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin Haji in ɓige da tambayarsa ko firinta na buƙatar tawada. Tsoro nake ji, kar in yi miki ƙarya. Ina tsoron a kore ni ana saura wata uku ɗaurin aure, ina tsoron maganar ta kai Garut. Kuma ina jin kunyar wannan tsoron fiye da kunyar laifin kansa. Kada ki faɗa wa Ema.

Naki,
Yayat

Tasikmalaya, 19 ga Shawwal

Yayata Teh Nining,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi lafiya, yara sun sha yawo. Ema ta ji daɗin hotunan, sai dai ta ce kin rame. Ki yafe min rashin ɗaukar wayarki, na san abin da za ki ce ne.

Zan faɗa miki dabarar da na ƙulla, ki yi min dariya ko ki tsine min. Kin san ranar da ake dawowa aiki bayan Sallah Haji yakan tara ma'aikata a yi layi, kowa ya bi kowa ya haɗa hannu ya ce, “A yafe min, na fili da na ɓoye.” An gayyaci Mang don a yi masa sallama. Sai na ce a raina, ai shi ke nan, in na ce na ɓoye ya ce ya yafe, laifina ya shiga ciki ba tare da na ambaci sunansa ba. Har wani sanyi na ji da wannan lissafin, kin ji ƙaninki mai takardar shaida.

Layi ya kawo ni gabansa. Na rusuna na miƙa hannu biyu na faɗi abin da kowa ke faɗa. Ya taɓa kan yatsuna kaɗan, ya ce, “Ni ma a yafe min, Pak Yayat.” Pak fa, kamar yadda muke kiran Haji, kuma da harshen ladabi ya faɗa, irin wanda muke yi wa baƙon da ba mu sani ba. Teh, mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa filin idi, wanda tun ina cikin zani Jang, wato yaro, yake kirana, in na yi shirme ya ce “kan kabewa”. Da ya zage ni a gaban mutane da ya fi min sauƙi.

Na kasa ɗaga ƙafa. Elis tana bayana tana cewa, “Yat, matsa mana, shinkafar ketupat na hucewa.” Sai na ji bakina yana cewa, “Pak Haji, ni na rufe wa Mang hanya, ni na ce ya buga tsohon zane, ni na buɗe ta a ɓoye ranar Litinin.” Na ciro takardar, duk ta yamutse da gumi, na miƙa. Haji ya karanta, ya ce, “Sittin da uku?” Na ce e. Ya ce, “Kuma kana tsaye nan na yi wa dattijo ba'a da aljanu?” Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai kore ni ba. Ya ce kora ta yi min arha, da hannuna zan warware tsuntsayen nan, ɗaya bayan ɗaya, bayan na gama aikina. Ɗari biyar da sittin ne, yau na kai casa'in, yatsuna duk sun huje. Washegari Haji ya je gidan Mang da ƙafarsa ya ba shi haƙuri, Mang ya dawo kan injinsa. Wiwin ma na faɗa mata da bakina, ta yi kwana biyu ba ta amsa min ba, sannan ta aiko min da ƙaramin almakashi.

Aikin ma na yi shi yadda ya kamata tun farko. Na rufe ƙa'ida ta ɗaya ga kowa, bayan na sanar da Haji da duk masu injuna. Kwamfutar Mang kuwa na ja mata wayarta ita kaɗai zuwa wata 'yar na'ura da ke amsa mata da ƙa'idar da ta iya, ta ɗauko mata zane daga saba. Wuni ɗaya kacal ya ci min.

Ya ce ya yafe, kuma na san ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Amma sunan bai dawo ba. Kullum da safe ina zuwa ƙarshen rumfa in ce, “Mang, an tashi lafiya? Abin ya buɗe?” Sai ya ce, “Ya buɗe, na gode, Pak Yayat,” ya juya ga zarensa. Yau sau goma sha ɗaya ke nan. Jiya na so in yi fushi, sai na tuna shi sau sittin da uku ya zo tawa ƙofar, da azumi, ni kuma ina kan babur ina tunanin riga. Gobe ma zan je.

Ki gaida Kang Dudung da yara. Yanzu kina iya faɗa wa Ema, ko da yake na ga alamar ta sani, tun shekaranjiya take ajiye min man shafawarki kusa da almakashin.

Ƙaninki mai jin kunyarki,
Yayat