Gilashin da Bai Kai Gindin Ɗorawa Ba

Da sunan Allah mai rahama. Da izinin mai unguwarmu, da na limamin masallacinmu, da na shugaban masu ɗaukar hoto na yankin Karaye da Rogo, da na Malam Habu, wanda ya koya mini riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara leƙo mini. Allah ya ƙara muku girma. Ina roƙon ku ba ni wuri in yi magana da mahaifiyata a gabanku, domin sa'ad da take raye ban taɓa samun bakin yi ba.

Zuwa ga Inna, a makwancinta na Ruwan Bago.

Gaisuwa mai yawa, tare da durƙuso irin wanda kika saba. Bayan haka, mai rubuto wannan shi ne ɗanki na fari, Sule mai hoto, wanda ba ki taɓa kama sunansa ba, wanda kike ce wa "mutumin Rogo". Da hannuna na rubuta, babu wanda ya riƙe mini, kuma ke ce farkon wadda na rubuta wa wasiƙa a duniya.

Inna, kin san yadda muka zauna. Tun da aka yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni zuwa Rogo, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. In na zo gaishe ki, a bakin ƙofa nake tsugunawa, idona a ƙasa. Ke kuma ki juya wajen bango, ki ci gaba da tankaɗe, ki ce da ƙanwata Safiya, autarki, "A ba mutumin Rogo ruwa." Ban taɓa riƙe wannan a zuciya ba, kunya ce, kuma adonki ce. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne na girma na san ƙafafunki, na san fason dugaduganki, na san awarwaron hannunki na hagu, amma fuskarki ban san ta ba sai a gilme.

Ni kuwa mutum ne da fuska ce sana'arsa. Babu amarya, babu maniyyaci, babu ɗan makarantar da ya san kansa a garin Rogo da bai zauna a gabana ba. Har bajimai na ɗauka don masu su aika wa dillalai. A ce mutum irina ba shi da hoton wadda ta haife shi, wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Da na so, da na tura abokin sana'ata Malam Iro na Tudun Kaya ya gwada sa'arsa. Ban yarda ba. Ba za a ce mai hoton Rogo ya ari fuskar uwarsa daga hannun wani.

Bari in yi miki bayani, domin ba fanninki ba ne. A gaban kyamara akwai gilashin da take gani da shi, mu masu sana'a muna ce masa lens. Wanda nake da shi a lokacin ba ya jawo nesa, in kana son fuska sai ka taka ka je gabanta. Sau ɗaya na gwada ɗaga shi a tsakar gidanki. Kika ja gyale kika rufe, kika ce, "Auta, ki ce wa mai akwatin nan rana ta yi, gidansu da nisa." Na mayar da shi jaka.

Da ciwon ƙafa ya fara zaunar da ke, na ga awarwaron nan yana zamewa har gwiwar hannu, sai na san lokaci ba jirana yake ba. Na ƙudura sayen gilashi mai zum, wato wanda ake murzawa ya jawo na nesa kusa. Muka shiga mota ni da Malam Iro zuwa Kano, kuɗina kuwa na gilashi guda ɗaya ne.

Mai shagon ya fito da wani dogo kamar taɓarya. Na leƙa ta cikinsa na karanto fuskar mai shayi a ƙarshen layi, har haƙoransa. Malam Iro ya ce, "Ɗauki wannan, Sule, daga tashar Rogo ma sai ka hango Inna tana dama fura." Zuciyata ta kwanta da shi. Amma na san a ɗakin amarya hanci kaɗai zai kamo, a zauren suna kuwa sai na fasa bango na ja da baya. Ga nauyi, ga shi in hannu ya ɗan motsa hoto ya lalace.

Sai mai shagon ya miƙo matsakaici. In an murza shi baya yana haɗiye zaure da mutanen cikinsa, in an murza gaba yana jawo mutum gwargwado. Ya ce, "Malam, wannan fartanya ce, kullum da ita za ka fita. Amma fa yana son haske, kuma akwai inda yake tsayawa."

Na daɗe tsaye da su biyu a hannu, har Malam Iro ya ce ko mace nake zaɓe. Iyali suna ci daga wannan kyamara, Inna. Na ɗauki matsakaicin. Tun daga Kano har muka sauka ina ganin kamar na auna ki da tuwon gidana, tuwo ya rinjaya.

Lokacin tsinkar gyaɗa ne. Kina zama a gindin ɗorawar bayan gida. Na laɓe can bayan rumbu, inda na tabbata ba za ki gan ni ba, na murza gilashin har ya ƙure. Abin da ya fito ba ke ba ce, wani ɗan duhu ne a cikin inuwa. In na matso za ki ji motsina ki rufe fuska, in na tsaya gilashi bai kai ba. Na koma Rogo raina a ɓace.

Da na dawo wani zuwan, Auta ta tare ni a zaure tana tambayar sabon abin nawa, wai daga ina yake gani. Na ji daɗi an tambayi mai ilimin abu, na yi mata bayani filla-filla. Na ce daga dangar bakin rijiya zuwa inda inuwar ɗorawa take ƙarewa, nan ne iyakarsa. Na ce kuma ba ya son inuwa, sai da hantsi, rana tana bugowa ta gefe.

Ranar Juma'ar da ta biyo na iso da hantsi, sai na hango ki ba a gindin bishiya ba. Kin fito fili, kin shimfiɗa tabarma a rana, ga faifan gyaɗa a cinya. Na sulale bayan dangar rijiya. Na murza gilashin.

Inna, a nan na fara ganinki. Ashe akwai tabo a girarki ta dama. Ashe kunnuwan nan da yara suke yi mini dariya da su a makarantar allo naki ne. Kina kallon wajen gona, hannuwanki a kan gyaɗa, ba kya motsi. Na ɗauka, na sake ɗauka, daga baya na daina latsawa na ci gaba da kallo kawai, har idona ya cika na daina gani.

Babu mai hoton da ban gaya wa ba. Na ce gwaninta ce, na ce na ɗauki Inna ba ta sani ba.

Damina ta zagayo kika rasu. Bayan sadakar arba'in Auta ta biyo ta shagona, ta ga hotonki da na wanke babba na kafa a bango. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Yaya, kai dai ka cika baki. Wa ka taɓa gani ya sa kwalli da atamfar sallah don tsinkar gyaɗa?"

Ta ce tun ranar da na laɓe bayan rumbu kin gan ni. Ke kika aike ta: "Jeki tambayi mutumin Rogo, abin nan nasa daga ina yake gani." Ranar Juma'ar kuwa ita ta riƙe ki kika taka da ƙafar nan mai ciwo, kina sa ta ja tabarma gaba kaɗan, gaba kaɗan, kina tambaya, "Nan ya isa? Ranar ta ina yake so?" Kika kuma ce, "Kada ki faɗa masa, sai ya ji kunya."

Na rufe shago ran nan, Inna. Na yi tunanin dogon gilashin da na baro a Kano. Da shi na saya, da na ɗauke ki daga bayan rumbu, na tafi da hoton a matsayin wayona, na mutu ban san komai ba. Wanda na saya ya gaza a hanya, sai kika taso kika cika masa sauran.

Yanzu da shi nake fita kullum. Ya ɗauki aure, ya ɗauki suna, ya ɗauki saukar karatu, bai taɓa ba ni kunya ba. Matasa masu shiga sana'a suna zuwa neman shawarata a kan wanda za su saya, ina ce musu su ɗauki wanda za su iya rataya tun safe har la'asar. Sauran dalilin ba na faɗa. In na je Ruwan Bago har yau a bakin ƙofarki nake tsugunawa, ɗakin an zuba dawa a ciki. In kasuwa ta watse na zauna ni kaɗai a shago, nakan ɗaga kai in dube ki, kina kallon gona. Ko a hoton ba ki dube ni ba, kuma ban taɓa jin an dube ni kamar haka ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya haskaka makwancinki, ya sauƙaƙa miki tambaya, ya yafe miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya haɗa mu a inda zan zauna kusa da ke.

Domin kada a ce mai hoto ya ƙara gishiri, ga waɗanda suka shaida. Malam Iro na Tudun Kaya yana tsaye aka zaɓi gilashin. Gwaggo ta ga atamfar a jikinki da ta zo dubiya da azahar ɗin ranar, har ta tambaya ko biki ake. Safiya Auta ita ta ja tabarmar. Dukkansu suna raye, ana iya tambayarsu.

Ni ne ɗanki na fari,
Sule mai hoto, mutumin Rogo.