Cokula Biyu a Gidan Tsofaffi

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina hutawa lafiya a wurinsa. Bayan haka, Mama, na san babu gidan wayar da ke kai takarda inda kike, amma abin nan ya tsaya mini a wuya, kuma ba wanda zan amayar wa sai ke.

Kin bar duniya kina faɗa wa matan coci cewa Rifkatu ta samu aikin asibiti a Dubai. Ba asibiti ba ne. Gidan ajiye tsofaffi ne a bayan Abu Hail, mai ƙofar gilashi da furannin roba. A ƙasa turare za ki sha. Ki hau bene, zarnin fitsari ne zai tare ki tun daga matakala.

Mu shida ne a ɓangaren maza da na zo. Huɗu sun gudu, ba a kawo ko mutum ɗaya ba. Manajarmu, wadda muke kira Madam, ta ce ba hannaye muka rasa ba, dabara muka rasa. Ga dabarar tata: ki ja kujera tsakanin gadaje biyu, faranti biyu a cinya, cokali a dama, cokali a hagu. Rabin awa ake ba mu, daga nan a kwashe kwanuka, ko an ci ko ba a ci ba. Kin tuna yadda muke ɗura wa kaji magani a gida? To, mun fi tausayin kajin.

Akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi. A kasuwar Al Sabkha ya faɗi yana tsaka da ɗaurin kaya, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Abokan kasuwancinsa suka ajiye shi a nan kafin takardunsa na komawa gida su fito. Gadonsa na hagun kujerar.

Kwana uku yana datse haƙora, yana kau da kai. Aka rubuta a katinsa wai ya ƙi abinci. Madam ta ce in ya kai Asabar a haka, a zura masa roba ta hanci, a ɗaure hannunsa mai lafiyar da bandeji kada ya fizge.

Ran na huɗu ni na zauna a kujerar. Na miƙa masa cokali da hagu, sai na ga ba shinkafar yake kallo ba, hannuna yake kallo. Mama, kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Ni da kika taɓa doke mini hannu a gaban baƙi don na miƙa wa Baba Ayuba ruwa da hagu, kika ce, “Ba a gidana ba.” Na sauya hannu, na ce masa sannu Baba da Hausa. Ya cinye tas, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace.

Na ruga na faɗa wa Madam, ina tsammanin za ta yi murna. Dariya ta yi, ta ce nan ba otal ba ne. Na roƙa a ƙaro mana ko minti goma, ta tambaye ni wa ya yi mini biza. Tir da matar nan! Ranar da iyalai ke zuwa ziyara ita ce mai durƙusawa tana sumbatar goshin tsofaffi, suna juya baya ta nufi famfo da sabulu.

Na gwada yi da dama kaɗai, in ajiye wannan cokali in ɗauki wancan. Kafin in kai gadaje biyu na ƙarshe an kwashe abincin. Mutum biyu suka wuni da yunwa saboda ni.

Sai na yi abin da ya sa nake rubuto miki. Na juya kujerar, Alhaji ya koma damana. Yana ci, ba a sa masa robar ba. Amma hagun dole ya faɗa kan wani. Ɗayan gadon na wani tsohon masunci ne, Balarabe, makaho. Kowace loma sai ya yi bisimilla, in na gama ya laluba kaina ya ce, “Ya binti,” wato 'yata. Na san da yana gani shi ma ba zai karɓa ba. Don ba ya gani ɗin na zaɓe shi.

Da fari ƙyamar Madam nake ji, Mama. Yanzu kaina nake ƙyama. Idan motar aiki ta sauke mu a masaukinmu na Muhaisnah, tuwon ma ba ya shiga mini. Ina ma kina kusa, ko zagina ki yi, in kwantar da kai a cinyarki in ji sanyi.

Ubangiji ya kai Alhaji gida da ransa. Ya ba masuncin nan mai ciyar da shi da ta fi ni. Ni kuwa, ya hana ni sabawa da wannan abu, don yau da rana na ba makahon faranti guda da hagu ina tunanin wankina, sai da na tashi na tuna.

Ki huta cikin salama.

Taki har kullum,
Rifkatu