Buntun Shinkafa a Cikin Bangon Inna

Goggo Ladidi, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni malamin makaranta ne a Yelwa, ina gina wa Inna ɗaki biyu a Warra. Tana da hawan jini, kuma duk bazara sai ta kwanta ciwo, don ɗakinta na bulo da kwano kamar tanda yake. Ba ni da ƙarfin janareto. Na ba Andrew aikin, magini ne, tare muka yi firamare, a gidanmu ma yake cin tuwo.

To, sai ya ce a yi bango biyu na tubalin ƙasa, a bar fili a tsakani, a cika da buntun shinkafa, wai zafi ba zai ratsa ba. Na yarda. Amma Shu'aibu mai sayar da bulo ya ja ni gefe ya ce tunda yake bai taɓa ganin an zuba wa bango abu a ciki ba sai in asiri za a binne. Ya tuna mini Andrew ya taɓa taya filin nan kafin in saya, kuma kakansa boka ne. Wallahi tun ranar zuciyata ta ƙi kwanciya. Buhunan ma daga Shanga ya kawo su a ɗaure. Me ya sa a ɗaure?

Ranar Lahadi da ba ya nan na fasa gefen bangon da guduma. Buntu kawai na gani. Washegari ya ga ramin, ya kwashe kayan aikinsa ya tafi. Kunya nake ji, amma har yanzu ina tunanin ko ba daidai wurin na fasa ba. Bazara saura wata biyu.

Mai Zullumi, Warra

Malam Mai Zullumi,

Buhu dai a ɗaure ake kawo shi, ko na gero ne. Ni da zan yi zargi, da wanda ya rasa cinikin bulo zan fara. Mai neman filinka kuma ba zai ɓata wata guda yana yi maka bango biyu ba.

Dabarar Andrew tana da tushe. Ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi, buntu kuma yana tare shi. Amma kana da haƙƙin tambaya, sai dai tambayar da ta dace ita ce ta gara, ɓeraye da danshi, tunda kuna bakin ruwa. A ɗaga harsashi da dutse da siminti, buntun ya bushe sarai, a toshe saman bangon, rufi ya zarce ya kare shi daga ruwan sama. A sa silin, tagogi su fuskanci juna, ka dasa itace ta yamma. In zuciyarka ta ƙi, ka sayo sauran buntun da kanka, a zuba a gabanka.

Kafin wannan duka, ka je gidansa da ƙafarka, kada ka aika. Ka faɗa masa abin da ka zarga, ka ba shi haƙuri. Ramin bango aikin rabin awa ne a wurinsa, amma mutumin da ya ci tuwon Inna ka ɗauka zai cuce ta, wannan ne ya sa ya kwashe kaya. In ka ji nauyin zuwa, ka tuna ɗakin da Inna za ta yi bazara a ciki.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta shiga ɗakinta da ƙafarta.

Goggo Ladidi