Almakashin Malam Sabo

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Mu nan Rano sai godiya.

Ranar Juma'a na buɗe shagon ɗinkina. Malam Sabo, wanda ya koya mini sana'a ya kuma haɗa ni da kansilan unguwarmu, ya taho daga Fassi a keke. Ni kuwa kansila na ba kujera da addu'ar buɗewa, Malam na tsaye. Da zai tafi ya miƙo mini tsohon almakashinsa, ya ce, "Allah ya sa albarka, ɗana."

Har yau na kasa yanka da shi. Gobe zan je Fassi, ka taya ni addu'a ya yafe mini. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Isiya